Rubutun Hannu Ya Shiga Kwamfuta

Mai sayar da littattafai a kasuwar Ƙanƙara, ko ta Sheme a ƙasar Faskari, ko ta Sabuwa, shimfiɗarsa ba ta sake da yawa ba tun zamanin iyaye. Ga Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya a jere, ga Ishiriniya, ga Alƙur'ani mai girma, cikakke da na izu-izu, ga alluna a jingine, ga tawada a kwalabe. Yawancin kayan nan daga kasuwar Kurmi ta Kano suke fitowa, su biyo ta Malumfashi ko Funtuwa, su watsu cikin ƙauyuka. Abin da ya sake shi ne wata irin takarda da ta shigo cikin kayan a 'yan shekarun nan. In aka ɗaga ta sai a ga rubutun Warshu sak, baƙi da jan wasali, ga zayyana a gefe da rawaya da kore, har da duhun tsufan takarda, har da ɗan wurin da tawada ta yi kauri inda alƙalami ya fara sauka. Wanda bai ƙware ba sai ya rantse jiya ta fito daga hannun alaramma. Alhali kuwa ba alƙalamin da ya taɓa ta. Kwamfuta ce ta ɗauki hoton wata takardar, inji ya fesa irinta.

Da can ba mai ruɗewa. Rubutun hannu daban, bugu daban, kowanne da kuɗinsa da darajarsa. Yanzu da na biyun ya iya sa rigar na farkon, ya kamata malami da ɗan kasuwa su san yadda abin yake, domin na ɗaya amanar karatu ke wuyansa, na biyu amanar ciniki.

Aikin marubuci sananne ne ga duk wanda ya zauna a tsangaya, amma ba laifi a tuna da shi, don a gane abin da inji ya iya ɗauka da abin da ya bari. Tawadar allo ta zuge ce da ƙaro, ana rubutawa ana wankewa. Ta takarda kuwa yambari ce, wadda ake haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera. Ita tana cin takarda, ta zauna cikin jikinta, in ta tsufa ta koma ƙasa-ƙasa, amma ba ta tashi. Alaramma ya fere alƙalaminsa na gamba, ya rubuta baƙi tukuna, sa'an nan ya dawo da jar tawada ya sa wasali, ya sa hamza da rawaya, ya sa ɗigon wasali da kore, ya zana alamar aya da kuri, da sumuni da rubu'i da nusufi da izu a gefe. Aiki ne na watanni, kuma daga kai yake zubo shi. Takardar da magabata suka fi so ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake gani in an ɗaga ta ga haske. A zamanin da, a ƙasar Italiya ake yin ta, gidan Galvani na daga cikin waɗanda suka yi ta, fatake sukan ɗauko ta daga Tarabulus su ƙetaro hamada da ita. Watau tun can asali akwai hannun baƙo a cikin sana'ar, ba yau aka fara ba.

Da ɗab'i ya zo, da haruffan dalma ya fara zuwa, waɗanda ake jerawa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen allo ba su sake jiki da shi ba, kuma suna da hujja. Haruffan zubin Gabas ne, sirara, fa da ɗigo a sama, ƙaf da ɗigo biyu, alhali yaron da ya tashi a kan Warshu ya san fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, nun na ƙarshen kalma ba ɗigo. Mushafin da aka buga a Alƙahira a 1924, wanda ya cika duniya, ruwayar Hafsu ce. Kyakkyawa ne, ingantacce ne, amma ba shi ne idon gardi ya saba da shi ba.

Abin da ya sasanta alƙalami da inji wata dabara ce da wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano a 1796. Ya lura mai da ruwa ba sa haɗuwa. Sai a sami wani dutse mai santsi, dangin wanda ake yin siminti da shi, a yi zane a kansa da tawada mai maiƙo, a shafe fuskar dutsen da ruwan ƙaro da ɗan ruwan asid, a jiƙa shi. In aka bi shi da tawadar bugu, sai ta kama inda zanen yake kaɗai, ta ƙi inda ruwa ya kwanta. A ɗora takarda a danna, zane ya fito yadda hannu ya yi shi, ba a yanka shi harafi-harafi ba. A lura, ƙaron nan dai da almajiri ke jiƙawa a tawadarsa shi ne sirrin aikin. Daga baya aka bar dutse aka koma farantin ƙarfe marar kauri, aka koyi ɗaukar hoton shafi a kan fim a haska shi a jikin farantin, a wajen 1904 kuma aka ƙara wani abin naɗi na roba wanda ke karɓar tawada daga farantin ya miƙa wa takarda. Wannan shi ne injin da ya buɗe wa marubutan ƙasar Hausa ƙofa.

Tun daga shekarun 1950 sai ga littattafan malamai suna fitowa da rubutun hannu amma bugaggu, daga Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da maɗaba'ar En'e ta Kano, da waɗansu na 'yan kasuwa irin su Oluseyi da Northern Maktabat. Ɗan kasuwa ya ba marubuci aiki, marubuci ya rubuta sau ɗaya, inji ya fitar da dubbai. Wanda ya fi shahara cikin marubutan nan shi ne Sharif Bala na unguwar Gabari a Kano, wanda hannunsa ya shiga tsangayoyi da zauruka ko'ina, har yara da yawa suka koyi siffar harafi daga gare shi ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Wani masani Ba'italiye, Andrea Brigaglia, ya yi rubutu a 2011 a kan yadda bugun nan ya yaɗa hannun Kano, mai kauri, mai tsayayyun haruffa, har ya rinjayi sauran hannuwa. Abin mamaki ke nan: an zaci inji zai kashe alƙalami, sai ga shi ya ɗaukaka waɗansu masu alƙalamin fiye da yadda wani marubuci ya taɓa ɗaukaka a da. Amma fa waɗansu ne kawai. Marubucin ƙauye wanda ke samun abin tuwo da kwafar Ahalari ga ɗalibai, tun a lokacin kasuwarsa ta fara ja baya.

A shekarun nan dai, a Zariyar nan dai, akwai waɗansu masu bugu na wani fanni dabam, waɗanda mutanen zaure ba su cika jin labarinsu ba. Su ne ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 suka kafa ƙungiyarsu, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Na ƙarshen nan, mutumin ƙasar Urhobo, shi ya zama babban gwanin bugun zane a Nijeriya. Sana'arsu ita ce mutum ya sassaƙa zanensa a jikin katako ko farantin ƙarfe da hannunsa, ya shafa tawada, ya danna takarda, ya fitar da 'yan kwafi kaɗan, kowanne ana ɗaukarsa aikin hannu ne. A 1967 ruwan asid ya ɓata wa Onobrakpeya wani faranti, ya cike ramukan da wani irin danƙo mai daskarewa, sai ya ga abin da ya fito ya fi wanda ya nufa kyau, daga nan ya sami hanyar bugu tasa ta kansa. Dalilin kawo labarinsu a nan shi ne wata al'ada tasu. In mai zane ya buga kwafi hamsin, sai ya ɗauki fensir ya sa hannu a ƙasan kowanne, ya rubuta lambarsa, 7/50, watau na bakwai cikin hamsin. In ya gama, ya soke farantin da ƙarfe don kada a sake bugawa. Mai saye ya san abin da ya saya, ya kuma san mutum nawa ke da irinsa a duniya.

To, ga kwamfuta ta zo. Yadda take aikinta ba wani sihiri ba ne. Ana kifa takarda a kan gilashin wata na'ura da ake ce wa sikana, haske ya bi ta ƙarƙashinta, ya rarraba shafin zuwa ɗigo-ɗigo ƙanana, ɗari uku ko ɗari shida a tsawon inci ɗaya, kowane ɗigo a rubuta launinsa da lamba. Daga nan shafin ya zama lissafi. Ana iya ƙara masa girma, a rage, a haskaka, a goge wani wuri, a ɗauko zayyanar wannan shafi a liƙa wa wancan, a tura shi ta waya daga Kano zuwa Funtuwa kafin a sha ruwa. Wajen fitarwa kuma hanya biyu ce. In dubbai ake so, kwamfuta ta raba launukan gida huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, a yi wa kowanne farantinsa, a kai wa babban inji. In kaɗan ake so masu kyau, sai injin feshi, wanda ke watsa tawada ɗigo-ɗigo ta waɗansu ƙofofi da ido ba ya gani. Na ƙwarai cikinsu yana da kalar tawada takwas har zuwa goma sha biyu. A Amurka, a 1991, wani mai bugu, Jack Duganne, ya laƙaba wa irin wannan aiki suna da Faransanci, giclée, daga kalmarsu ta feshi, don masu sayen zane su daina ƙyamarsa. Suna dai ya kama, kuma gardamar ko wannan bugu aikin hannu ne ko kwafi ne kawai ta daɗe a tsakaninsu.

Ba duk bugun kwamfuta ne ɗaya ba, kuma nan ne ɗan kasuwa ke yin asara in bai sani ba. Akwai tawada irin ta rini, mai narkewa a ruwa; tana da araha, tana da haske ranar farko, amma in rana ta doke ta a rumfa ko a bangon zaure sai jan ya kwashe, rawayan ya bi shi, in damina ta taɓa ta kuwa ta zube. Akwai kuma mai garin launi, wadda ta fi tsada, ta fi jimiri nesa ba kusa ba. Haka takarda. Wadda masu zane suka fi yarda da ita ta auduga ce zalla, ba ta itace ba, domin ta itace mai araha tana yin ja ta karye. Audugar nan kuwa ita ce amfanin gonar da aka san ƙasar Funtuwa da Faskari da shi tun zamanin Turawa. Takardar kalanda mai sheƙi ma farar ƙasa ake shafa mata, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara. Kayan aikin na gida ne, sarrafawar ce ta waje. Wani abu kuma da ya kamata a faɗa a fili: tawadar inji haɗin magunguna ce, ba zuge da ƙaro ba ce, ba a wanke ta a sha.

Babban hatsarin ba a launi yake ba, a ɗigo yake. Yaron da ke zaune gaban kwamfuta a shagon bugu, sau da yawa ya iya na'urarsa ƙwarai amma bai sauke ba, wani ma bai san Warshu ba sam. An ba shi tsohuwar warƙa mai ɗigon ƙuda da tabon ruwa, an ce ya tsabtace ta. Yana bi yana gogewa, sai ya iske wani jan ɗigo a ƙarƙashin harafi, shi kaɗai, ba ya kama da wasalin da ya sani. Ya share. Ashe imala ce. Ko kuwa ya umurci na'urar ta kwashe duk ƙananan tabo gaba ɗaya, ita kuwa ba ta san bambancin kashin ƙuda da ɗigon fa ba. Ko ya ga gefen takarda ya yi yawa ya datse, ya tafi da harjin da alaramma ya rubuta a wurin, ya tafi da kalmar nan ta ƙasan shafi wadda ke nuna warƙar da ke biye, wadda in babu ita mushafin da ba a ɗinke ba ya zube sai mahaddaci ya jera shi. A babban inji kuma, in farantin ja ya goce da kaurin gashi biyu, sai fataha ta bar harafinta ta hau na kusa. Marubuci in ya yi kuskure, a mushafi ɗaya ya yi shi, kuma gwanin da ya duba zai kama. Kuskuren faranti kuwa sau dubu biyar ne in dubu biyar aka buga, ya tafi Sabuwa, ya tafi Dandume, ya tafi inda ba mai iya kiransa ya dawo. Maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina, wadda aka buɗe a 1984, tana buga Warshu ita ma, kuma ba ta sakin shafi sai malaman ƙira'a sun bi shi sun sake bi. Wanda zai buga a Kano ko Funtuwa ba shi da kuɗinsu, amma alarammomi ba su yi masa wuya ba. Sai dai a kula, abin da za a kai wa alaramma ya duba shi ne takardar da ta fito daga inji, ba wadda aka shigar ba.

Akwai wata hanyar kuma wadda ba ta bukatar marubuci ko kaɗan. Ƙungiyar Unicode, mai ba kowane harafi na duniya lambarsa a kwamfuta, ta shigar da fa da ƙaf da nun irin na Warshu a 2016, ta ƙara waɗansu haruffan ajamin Hausa a 2020. A 2017 kuma SIL International, wata ƙungiyar Kirista mai nazarin harsuna, ta fitar da zubin haruffa da ta kira Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga hannun Kano, kowa na iya ɗauka kyauta. Ga mai rubuta wa'azi ko waƙa ko wasiƙa da ajami wannan gata ne babba, domin dā sai ya yi da haruffan Gabas yana ƙara ɗigo da biro. Amma mai ido zai gane shi nan da nan. Kowane ba ɗan'uwan kowane ba ne, ba ragi ba ƙari. Marubuci kuwa yana jan harafi don ya cika layi, yana matse wani don aya ta ƙare inda ya kamata, hannunsa na safe ba ɗaya yake da na bayan la'asar ba.

Mai saye da ke son ya rarrabe, ga yadda masu sana'a ke yi. Ya karkata takardar ga haske: tawadar hannu tana da ɗan tudu da ƙyallin ƙaro, ta inji a shafe take. Ya juya bayanta: yambari yakan nuna inuwarsa ta baya. Ya sa gilashin ƙara girma a kan rawaya ko kore, in ya ga launin ya watse ya zama ɗigo-ɗigo masu kala dabam-dabam, inji ne. In kuwa ya ga biyu a shimfiɗa ɗaya, tabonsu ɗaya, ɗigon da ya zuba ɗaya, magana ta ƙare.

Sayar da bugu ba aibi ba ne. Shi ya sa talaka ya mallaki abin da dā sai mai hali, shi ya sa ɗalibin Islamiyya ke samun shahadar sauka mai zayyana ko da iyayensa ba su iya biyan mai zayyanar allo ba. Aibin shi ne a yi shiru mai saye ya biya kuɗin hannu ya tafi da na inji, wanda duk mai karatun Risala ya san sunansa a babin ciniki: algus. Na biyunsa shi ne a ɗauki hoton aikin mutum yana raye, a goge sunansa, a buga ana sayarwa bai sani ba. Maganar Allah ba mallakar kowa ba ce, amma watannin da marubuci ya yi a durƙushe, da zayyanar da ya ƙago, nasa ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare aikin zane muddin ran mai shi da shekara 70 bayansa, ko da yake marubucin ƙauye ba safai yake da ƙafar zuwa kotu ba. A nan ne al'adar masu zanen Zariya take da amfani. Marubuci ya yarda a buga aikinsa ɗari, da sharaɗi, ya bi kowanne ya sa sunansa da lambarsa da alƙalaminsa, a rubuta a fili cewa bugu ne daga hannun wane. Ba baƙon abu ba ne ma, domin magabata in sun kai ƙarshen littafi sukan rubuta sunan marubuci da na mai littafin, wani lokaci da ranar da aka gama. Bambanci ɗaya ne: mai farantin ƙarfe yana iya soke farantinsa kowa ya gani, abin da ke cikin kwamfuta kuwa ba ya sokuwa, ba ya gajiya, na dubu ɗaya yake da na fari. Lambar ba ta da wani jingina sai gaskiyar wanda ya rubuta ta.

Ga mutanen kudancin Katsina akwai wani dalilin da ya fi ciniki nauyi. Ƙasar nan ta ga tashin hankali. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa suka watse a shekarun nan, mutane suka fita da abin da hannu ya iya ɗauka. Gafakar kaka, mai mushafin da ya rubuta da littattafan da ya yi wa ta'aliƙi, ba kullum take shiga cikin kayan gudu ba, wadda aka bari kuwa ga wuta, ga gara, ga ɗigar ɗaki. Jami'ar Boston ta Amurka ta tara hotunan rubuce-rubucen ajami masu yawa, har da na Hausa, da taimakon malamai irin su Mustapha Hashim Kurfi na Jami'ar Bayero, ba tare da an raba masu littattafan da littattafansu ba. Gidan Arewa na Kaduna ma yana ajiyar irinsu. Amma ba sai an jira baƙo ba. Wayar hannu mai kyau, da hasken safe a inuwa, da ɗalibi mai haƙuri da zai bi warƙa-warƙa bai datse gefe ba, sun isa a fara. Sai dai kada a dogara da wuri ɗaya. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni wanda ya ajiye abinsa a intanet ba ya iya kai gare shi. Waya tana faɗawa ruwa, ɗan katin ajiya yana mutuwa ba sallama. A ajiye kwafi a gida, a kai wani wurin ɗan'uwa a Funtuwa ko Zariya, a buga ɗaya a takarda mai kyau. In za a fara ɗauka kuma, a fara da warƙar ƙarshe, inda sunan marubucin yake, domin ita da ta farko su ne ke goguwa da tadarishi, su ne kuma ke fara yagewa.